Wasiƙa Daga Ingila: Kada Wanda Ya Ƙara Aiko Ni Sayen 'Yar Tsana Mai Magana

  Mu nan sanyi ya kankama sosai, kafin ƙarfe huɗu na yamma duhu ya fara rufe gari. Allah Ya nuna mana wucewarsa lafiya, amin.

Wasiƙar yau ta faɗa ce, gara in sanar da ku tun da wuri don kada wani ya kai tsakiya ya ce na shammace shi. Duk ƙarshen shekara, idan kantunan ƙasar nan suka cika da kayan wasan yara saboda bikin Kirsimeti, sai saƙonni su yi ta shigo mini daga gida. Wannan ya ga hoton 'yar tsana mai amsa tambaya, waccan ta ga tedi mai hira da yaro kamar mutum, wani kuma agogon hannu yake so wanda zai riƙa nuna masa inda ɗansa yake. Kowa dai sai ya ce don Allah a sa masa a cikin tsaraba. To amsata guda ce ga kowa da kowa, har da ke Yaya da ba na iya yi miki musu a kan komai: duk wani abin wasa da ke da kunne kuma yake hawa intanet, ba zan saya ba, ba zan ɗauko ba, ko da kuwa an turo kuɗinsa. Ba rowa ba ce, ku dai ji dalili.

Bari mu fara da yadda abin ke aiki, don a nan ne mafi yawanmu ke ruɗuwa. Mutum ya ga 'yar tsana tana ba yaro amsa sai ya ɗauka akwai wata ƙwaƙwalwa a cikin cikinta. A yawancinsu ba haka ba ne. Abin da ke ciki bai wuce batir da makirufo da lasifika da ɗan abin da zai haɗa ta da wayar salula ko da intanet ɗin gida ba. Idan yaro ya yi magana, makirufon ya ɗauki muryarsa, a tura ta can wata babbar kwamfuta ta kamfani a wata ƙasa, a can ne za a fassara abin da ya ce, a shirya amsa, a dawo da ita ta fito ta bakin 'yar tsanar. Wato duk lokacin da ɗanka ya rungume ta yana yi mata raɗa, da wani kamfani yake magana, wanda kai ba ka san mai shi ba, ba ka san ma'aikatansa ba, ba ka kuma san inda yake ajiye abin da ya ji ba.

Akwai wata 'yar tsana mai suna My Friend Cayla, ta kamfanin Genesis Toys, wadda aka sayar da ita sosai a nan Ingila da sauran ƙasashen Turai da Amurka. Kyakkyawa da ita, ga dogon gashi, ga murmushi. Tun a farkon 2015 wani masanin tsaron kwamfuta a nan ƙasar, Ken Munro, ya nuna cewa ana iya yi mata kutse a sa ta riƙa ashar. Mutane suka yi dariya, aka ci gaba da saye. A watan Disamba na 2016 sai hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta ƙasar Norway ta fito da sakamakon binciken da ta yi a kanta, kuma abin da ta gano babu dariya a ciki. Hanyar Bluetooth da take haɗuwa da waya ba ta da makulli ko kaɗan, ba a tambayar kalmar sirri, ba a danna komai a jikinta. Duk wanda ke tsaye a tazarar kimanin mita 10 da wayarsa yana iya haɗuwa da ita, ya saurari abin da ake faɗa a ɗakin, ya kuma yi wa yarinya magana ta bakin 'yar tsanar. Mita 10 fa jama'a! A irin ginin unguwanninmu, wannan ai maƙwabci ne ta bayan katanga, ko wanda ya zauna a dakalin ƙofar gida.

Ba a nan ta tsaya ba. Manhajar da ake sa wa a waya tana neman sunan yarinya, da na mahaifinta da na mahaifiyarta, da makarantar da take zuwa, da garin da take zaune. Muryar kuma ana tura ta ga wani kamfanin Amurka mai suna Nuance Communications, wanda a cikin sana'o'insa har da sayar wa jami'an tsaro fasahar gane mutum ta muryarsa. Aka kuma gano an cusa mata kalaman talla, tana gaya wa yara yadda take son finafinan Disney da wurin shaƙatawarsu, yarinya kuwa tana ɗauka ƙawarta ce ke ba ta labari. A watan Fabrairu na 2017 hukumar kula da harkokin sadarwa ta Jamus ta haramta ta baki ɗaya, ta ce a dokarsu wannan ɓoyayyiyar na'urar leƙen asiri ce, ta umurci iyaye su lalata wadda ke hannunsu. Jamusawa sun ɗanɗana mulkin da maƙwabci ke kai rahoton maƙwabci, sun san warin abin tun daga nesa. Ɗaya daga cikin irin 'yan tsanan nan har gidan adana kayan tarihin leƙen asiri na birnin Berlin aka kai ta.

Abin da ke ba ni mamaki game da mu shi ne wannan. Mu ne mutanen da ke gina zaure don baƙo ya tsaya a can, mu ne ke rubuta “Ba a shiga” a bakin ƙofa da gawayi ko da fenti. Ƙanin miji ma sai ya yi sallama ya jira an amsa. Addini ya hana mu shiga gidan wani ba izini, ya hana mu bin diddigin asirin mutane. Idan aka kama wani ya kasa kunne a jikin tagar ɗakin matar aure, ranar unguwar ba za ta kwana lafiya ba. Amma sai ga shi da kuɗinmu, da murnarmu, muna neman a kawo mana kunnen baƙo daga Turai mu ajiye shi a kan gadon yara, a ɗakin da uwa ke canza kaya, a ɗakin da ake maganar da ba a so ko kishiya ta ji. Don kawai an lulluɓe shi da auduga an yi masa idanu masu kyau.

Na san abin da Kawu zai ce, don ya sha faɗa mini a kan wasu abubuwan: ai manyan kamfanoni ne, Turawa ba sa wasa da aikinsu. To Kawu, Allah Ya ƙara girma, ga labarin wani babban kamfani. VTech na Hong Kong yana cikin manyan masu ƙera kayan wasan yara na lantarki a duniya, babu babban kantin da za ka shiga a nan ba ka ga kayansa ba. A watan Nuwamba na 2015 wani ya kutsa cikin rumbun bayanansa ya kwashe bayanan iyaye kusan miliyan 5 da na yara kimanin miliyan 6.4. Sunayen yaran, da ranar haihuwarsu, da ko mace ce ko namiji, kuma ana iya haɗa kowane yaro da adireshin gidan iyayensa. Har da hotunan yaran da saƙonnin da suke yi da iyayensu ta cikin na'urorin. Hanyar da ya bi ya shiga tsohuwar dabara ce da duk ɗan koyo a harkar ya sani. Kamfanin bai ma san an shiga ba, sai da wani ɗan jarida da mai kutsen ya kai wa labari ya tuntuɓe su. A watan Disamba na shekarar 'yan sanda suka kama wani saurayi ɗan shekara 21 a garin Bracknell, nan yamma da Landan.

Me kamfanin ya yi bayan haka? Cikin abubuwan da ya yi har da sauya sharuɗɗan amfani da kayansa, ya sa a ciki cewa mai saye ya yarda bayanan da yake turawa ba lallai su tsira ba, wani yana iya samunsu. Wato wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, kada ya zo yana yi musu kuka. Sai a watan Janairu na 2018 hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta ci shi tarar dala 650,000. Ku ɗauki alƙalami ku raba wannan kuɗin a kan yara miliyan 6.4, za ku ga kowane yaro ya tashi a kan kimanin santi 10. Kuɗin ma aljihun gwamnatin Amurka ya shiga, ba na yaran ba.

Na CloudPets ya fi ba ni takaici, don da irinmu aka yi tallarsa, mu da ke nesa da gida. Tedi ne da karnuka da maguna na auduga, na wani kamfanin Kalifoniya mai suna Spiral Toys. Uba yana wata ƙasa ko yana bakin aiki, sai ya naɗi saƙon murya a wayarsa, ya fito ta cikin tedin ɗansa, yaron ya matsa hannun tedin ya mayar da amsa. Wane mai kewar 'ya'yansa ne wannan ba zai burge shi ba? To daga ƙarshen Disamba na 2016 zuwa farkon Janairu na 2017 rumbun da ke ɗauke da bayanan masu amfani da shi yana nan a buɗe a intanet, babu kalmar sirri sam, kamar shagon da aka tafi aka bar ƙofarsa a wangale. Asusun mutane sama da 800,000 ne a ciki, da hanyar kaiwa ga saƙonnin murya fiye da miliyan 2 na yara da iyayensu. Masu bincike sun yi ta ƙoƙarin sanar da kamfanin ba a kula su ba, har ɓarayi suka shiga suka share bayanan suka bar saƙon neman kuɗin fansa. Iyaye ba su ji labari daga kamfanin ba, sai da wani masani ɗan Ostireliya, Troy Hunt, ya fasa ƙwan a watan Fabrairu na 2017. Duk da haka sai a tsakiyar 2018 manyan 'yan kasuwa irin su Amazon suka janye shi daga sayarwa, bayan an matsa musu lamba. Fiye da shekara guda ana ci gaba da sayar wa iyaye abin da kowa ya san yana yoyo.

Yanzu mu zo kan maganar da na fi ji daga gida: yo wane asiri yaro ɗan shekara biyar ke da shi da har wani zai ɓata lokacinsa a kai? Duk wanda ya taɓa renon yaro ya san amsar. Yaro ba shi da nasa asirin, amma asirin gidan gaba ɗaya a bakinsa yake. Shi zai faɗi cewa Baba ya yi tafiya sai bayan Sallah, shi zai faɗi inda Mama ke ajiye sarƙarta, da wanda ke zuwa ɗaukarsa daga makaranta, da faɗan da aka yi jiya da dare. Mu manya mun san abin da za mu faɗa wa baƙo da wanda za mu haɗiye. Yaro bai ma san akwai baƙon ba, shi a wurinsa abokinsa ne da ba ya kai ƙararsa.

Sannan abin da aka kwasa ba ya ruɓewa. Idan aka saci katin bankinka, ka je a rufe shi a ba ka sabo. Wa zai ba yaro sabuwar ranar haihuwa, ko sabuwar murya? Yaran da aka kwashi bayanansu a 2015, da yawansu yanzu samari ne da 'yan mata, suna buɗe asusun banki suna neman aiki, kuma ba wanda ya taɓa tambayarsu ko sun yarda. Ga shi an zo zamanin da ake kwaikwayon muryar mutum da kwamfuta daga ɗan guntun abin da aka naɗa. A 2023 wata uwa daga jihar Arizona ta ba da shaida a gaban majalisar dattawan Amurka cewa an kira ta a waya, ta ji muryar 'yarta tana kuka, wani namiji ya karɓa ya ce ya sace ta a kawo kuɗi, alhali yarinyar tana lafiya ƙalau. Ku da ke zaune a inda kiran masu garkuwa da mutane ba tatsuniya ba ne, ku yi tunanin me zai faru da zuciyar uwa idan ta ji irin wannan kiran da muryar ɗanta. Ni dai ba zan taimaka a tara muryar 'ya'yanmu a rumbun wani ba.

Wannan ya kawo ni kan agogon, wanda shi ne na fi jin nauyin ƙin saye, don masu neman sa ba gayu ne ya sa su ba, tsoro ne. Hankalin uba ba ya kwanciya sai ya ga yaro ya dawo daga makaranta ko daga Islamiyya, na fahimta ƙwarai. Amma ku ji abin da hukumar nan ta Norway ta gano a watan Oktoba na 2017 da ta sa ƙwararru suka gwada wasu daga cikin agogunan yara masu nuna wuri. A wasunsu baƙo yana iya ƙwace ikon agogon ba tare da ya taɓa shi ba, ya ga inda yaro yake da hanyar da ya saba bi, ya yi masa magana, har ma ya sa agogon ya riƙa nuna wa iyaye wani wuri dabam da inda yaron yake. Ku sake karanta wannan na ƙarshen. Abin da ka saya don ka san inda ɗanka yake shi ne zai gaya wa mugu inda yake, ya kuma yi maka ƙarya kai. A watan Nuwamba na shekarar Jamus ta hana sayar da agogunan yara masu saurare daga nesa, bayan an gano har malaman makaranta ake saurara da su a cikin aji. A farkon 2019 kuma Tarayyar Turai ta sa aka janye wani mai suna Safe-KID-One daga kasuwa saboda irin wannan ɓarakar. Sunansa fa yana nufin yaro ya tsira. Idan waɗanda suka shiga kasuwar Turai mai sa ido ke nan, to ina ga masu arha marasa suna da ake zubarwa a tire a kasuwar waya? Araha dai ba ta ado.

Wani zai ce waɗannan duk tsofaffin labarai ne, yanzu an gyara. Eh, an yi dokoki. A nan Ingila tun ranar 29 ga Afrilu 2024 doka ta hana sayar da na'ura mai hawa intanet da kalmar sirri irin ta kowa da kowa, ta kuma tilasta wa kamfani ya faɗi tsawon lokacin da zai ci gaba da toshe ɓarakar na'urarsa. Amurka tana da dokar kare bayanan yara 'yan ƙasa da shekara 13 tun 1998. Amma wannan dokar tana nan daram aka yi na VTech da na CloudPets. Tana nan kuma a 2023 Amazon, wanda ba ƙaramin kamfani ba ne da za a ce ba shi da kuɗin ɗaukar ƙwararru, ya amince ya biya tarar dala miliyan 25 a kan zargin ajiye muryoyin yara da na'urarsa ta Alexa ta naɗa, har da bayanan da iyaye suka ce a goge. Doka tana zuwa ne bayan ɓarna. Kuma dokar Ingila mazaunin Ingila take karewa. Idan na ɗauko abin na kawo Kano ko Zinder ya yi yoyo, wa za ku kai ƙara, a wace kotu? Najeriya ta yi tata dokar kare bayanai a 2023, madalla, amma ku gaya mini yadda uwa a Fagge za ta ja da kamfanin da ofishinsa ke wata nahiya, wanda bai ma san kayansa sun iso ƙasar ba.

Sabon yayi ma ya fi na da haɗari. Cayla amsoshinta ƙididdigaggu ne, mafi yawansu an rubuta mata su. Na yanzu an haɗa su da ƙirƙirarriyar basira irin ta ChatGPT, suna ƙirƙiro magana nan take, ko wanda ya ƙera su bai san abin da zai fito daga bakinsu ba. A watan Nuwamba na 2025 wata ƙungiyar kare masu sayayya a Amurka, PIRG, ta gwada wasu daga cikinsu. Wani tedi mai suna Kumma na kamfanin FoloToy da ke Singafo, wanda a lokacin ake sayarwa dala 99, ya gaya wa masu gwajin inda ake samun wuƙa da ashana a cikin gida da yadda ake kyasta ashanar, da aka ja shi da hira kuma ya shiga bayanin batsa dalla-dalla, irin wanda ba zan iya rubutawa a shafin da Gwaggo ke sa a karanta mata ba. Kamfanin OpenAI ya dakatar da su, su ma suka janye tedin, ba a jima ba suka ce sun gyara suka dawo da shi kasuwa. A shekarar dai Mattel, masu 'yar tsanar Barbie, suka sanar da ƙulla yarjejeniya da OpenAI. Su ne fa a 2015 suka fito da Hello Barbie mai naɗar muryar yara aka yi ta ce-ce-ku-ce, a 2017 kuma suka fasa fito da wata na'urar ɗakin jarirai mai suna Aristotle saboda iyaye da 'yan majalisa sun taso musu. Ba su haƙura ba, kuma ba za su haƙura ba, don akwai kuɗi a wurin.

A nan ne nake saɓawa da masu cewa a dai zaɓi mai kyau, a sa kalmar sirri mai ƙarfi, shi ke nan. Kalmar sirrinka tana tsare ƙofarka ce, ba ta tsare rumbun kamfani. Iyayen da suka sayi VTech ba sakacinsu ne ya jawo ba. Kuma ko da babu ɓarawo ko ɗaya a duniya, shi kamfanin yana ji, don sauraren shi ne aikin na'urar, in ba ta saurara ba ba za ta amsa ba. Mai ƙera kayan wasa gwaninta a roba da auduga da talla take, ribarsa a Kirsimetin bana take, badi ya fito da wani sabo. Tsaron rumbun bayanai kuwa aiki ne na kullum, na shekara da shekaru, mai cin kuɗi ba ya kawo ko kwabo. Wa kuke tsammani zai ci gaba da biyan masu gadi a kan kayan da ya riga ya sayar ya cinye kuɗin?

“To ai wayar da ke hannunka ma tana ji.” Gaskiya ne, kuma ba na kare ta. Amma ni baligi ne, na san waya ce, ina iya kashe ta in ajiye a wani ɗaki, ba na rungume ta in gaya mata wanda ya doke ni a makaranta. Don ɓera ya riga ya shiga rumbu ba a cewa a buɗe wa akuya ma.

Masu cewa za ta koya wa yaro Turanci kuwa, ina tausaya musu, don na san yadda iyaye ke ganin Turanci a matsayin tsani. Amma yaro a bakin mutane yake koyon harshe, wurin wanda zai dube shi ya yi masa dariya ya gyara masa. Ku zo ku ga 'ya'yanmu na nan, Turancin ya yi musu yawa har muna roƙonsu su amsa gaisuwa da Hausa. Abin da nake tsoro shi ne yaron da ya saba da abokin da ba ya gajiya, ba ya fushi, ba ya cewa yanzu lokacina ne, duk abin da ya faɗa sai a yaba masa. Irin wannan yaron yaya zai yi da 'yan uwansa a tsakar gida, inda dole wataran a ƙwace maka ƙwallo ka yi haƙuri?

Akwai kuma wani abin tausayi da ya faru a Amurka. Wani kamfani mai suna Embodied ya ƙera mutum-mutumi mai suna Moxie, dala 799, aka tallata shi a matsayin abokin yara, musamman masu wahalar cuɗanya da mutane. Yara suka shaƙu da shi. A ƙarshen 2024 kuɗin kamfanin ya ƙare, ya sanar zai rufe, kuma tunda ƙwaƙwalwar Moxie tana can a kwamfutocin kamfanin, da an kashe su shi ma zai yi shiru. Iyaye suka shiga neman yadda za su gaya wa ƙananan yara cewa abokinsu zai daina magana. 'Yar tsanar kara da muka yi wasa da ita, da motar langa-langa da yayyenmu ke ƙerawa da gwangwanin madara, ba wani attajiri a wata ƙasa da zai karye su mutu.

Ga waɗanda suka riga suka mallaki irin waɗannan kayan, ko wani ya kawo muku ko kun tsinta a gwanjo, ga abin da nake ba da shawara. Ku duba kwalin ko jikin abin. In an ce sai an saukar da manhaja a waya, ko an haɗa shi da Wi-Fi ko Bluetooth, ko kun ga ƙananan huji na makirufo ko idon kyamara, to yana cikin waɗanda nake magana a kai. Na gwanjo sun fi muni, don galibi kamfanin ya daɗe da daina kula da su, wani ma ya rufe. Ku cire batirin, yaro ya ci gaba da wasa da gangar jikin, wallahi bayan kwana biyu shi zai riƙa yi mata muryar da kansa. Ku goge manhajar daga waya, in akwai wurin rufe asusun ku rufe. Wanda ya ga lallai ba zai iya rabuwa da ita ba, to kada ya sa sunan yaro na gaskiya ko ranar haihuwarsa ko hotonsa ko sunan makarantarsa, a kashe ta in ba a wasa da ita, kuma kada ta kwana a ɗaki. Mai mota ko ƙwallo ko tubalan gini na roba da ba sa hawa intanet, wannan ba ruwana da shi, ko yana waƙa ko yana walƙiya.

Maganar agogo kuma, a samu babban da aka yarda da shi ya raka yara ya dawo da su, ko maƙwabta su haɗu su riƙa yin karɓa-karɓa, a kuma sanar da makaranta sunan wanda aka yarda ya ɗauke su. Yaron da ya yi wayo a haddace masa lambar wayar uwa da ta uba.

Yaya, ki yi haƙuri ki lallashi 'yar autarki, ki ce mata akwai littattafai masu hotuna da fensiran launi suna tafe, ki kuma turo mini lambar takalminta. A gaida su Gwaggo da Kawu da dukkan mutanen gida. Sai wasiƙa ta gaba in Allah Ya kai mu.

Wassalam.